Shekara ɗaya da manhajar lissafi a shagonmu, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Tun kwanaki 'yan uwa 'yan kasuwa ke tambayata yaya manhajar lissafin da muka saka a shago, tana da amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai, toh yau na samu sarari na ce bari in rubuta. Sunan kamfanin ba zan kama ba saboda akwai ƙorafi a ciki, kuma dama ba talla nake musu ba.

Ni ke riƙe da lissafin shagon Kawuna, kayan masarufi muke sayarwa a sari, shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna, sito kuma a Kawo. Shekara da shekaru littafi ne mai baƙin bangon nan, daga baya na koma Excel a laftof ɗina. Abin da ya fara rikita mu shi ne canjin kuɗin nan na farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya ciniki ya koma taransifa da POS, da can kuɗi a hannu ne ka ƙirga da yamma ka rubuta shikenan, yanzu kuwa wani ya turo rabi ya ce saura gobe, wani ya turo da asusun matarsa sunan bai yi daidai da na littafi ba, wani ya nuna maka alat ɗin bogi ya ɗauki kaya ya tafi. Muna cikin wannan ne wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta tafi da caja da laftof ɗin gaba ɗaya. Na kai wajen masu gyara a titin Ahmadu Bello suka yi iya yinsu, abin da ke ciki bai dawo ba. Lissafin bashin wata biyar ne a ciki. Wasu kwastomomin Allah Ya saka musu da alheri da kansu suka zo suka faɗi abin da ake bin su, wasu kuma har yau shiru. Wallahi kwana biyu ban iya kallon idon Kawu ba, duk da bai ce min komai ba sai "Allah Ya mayar da alheri, ɗana." Wannan ne ya sa muka sayi manhajar.

Ta fannin daidaiton lissafi gaskiya ta burge ni. Tsarin shigarwa biyu take bi, wato duk kuɗin da ya motsa sai ya bayyana a wuri biyu, in ka sayar da katan goma na taliya bashi, kaya ya ragu a sito, bashin kwastoma ya ƙaru, in ɓangarorin ba su yi daidai ba ma ba za ta karɓa ba. Tsohon tsari ne, tun 1494 wani ɗan Italiya Luca Pacioli ya wallafa bayaninsa, kwamfuta saurin yi kawai ta ƙara masa. Akwai ranar da yaron shago ya buga 400 maimakon 40, nan take ta tsayar da shi ta ce abin da ke sito bai kai haka ba. A Excel da sai ƙarshen wata mu gano, in ma mun gano.

Amma kada wani ya ɗauka tana kama komai. In ka ɗora bashin wani a kan wani, ko ka saka farashin dozin a wurin na katan, lissafi zai yi daidai tsaf alhali ƙarya ne a ciki. Abin da ke tona irin wannan shi ne daidaita lissafi da sitetmen ɗin banki, ina sauke na banki da na POS duk Asabar in shigar, ita ta haɗa waɗanda suka yi daidai ta bar min ragowar in bi ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ke cinye min yini yanzu awa ɗaya da rabi ne. Sai kuma ƙirga kayan sito da hannu, wannan babu manhajar da za ta ɗauke maka shi.

Ƙorafina na farko kan VAT ne, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka sayar. Tun Fabrairun 2020 kashi 7.5 ne, kowa ya sani, amma ba kowane kaya ake ɗora wa ba, kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa da wake ba a ɗora musu. Wanda ya zo ya saka mana ya bar komai a kan 7.5 bai ce mana uffan ba, sai da wani akanta abokin yayana ya duba rasit ɗinmu ya ankarar da ni. Kaya sama da ɗari uku na zauna na gyara ɗai-ɗai.

Yanzu maganar da ta sa na yi rubutun nan, wato bakof, ajiyar ko-ta-kwana. A takardar tallarsu an rubuta tana yin bakof da kanta kullum, kuma gaskiya ne tana yi, duk ƙarfe shida na yamma za ka ga saƙo wai an adana. Wata uku ina ganin saƙon nan hankalina kwance. Rannan haka kawai zuciyata ta ce min to wai ina take adanawa? Na bi na duba, ashe a cikin kwamfutar shagon take ajiyewa, a rumbu ɗaya da ainihin lissafin! Ma'ana ranar da kwamfutar ta ƙone ko aka sace ta, da lissafin da bakof ɗin tare za su tafi, daidai abin da ya same ni a baya. Jikina ya yi sanyi ranar. Ba wai babu wurin canzawa ba ne, akwai, amma a ɓoye yake can cikin saituna kuma babu wanda ya nuna mana, ni a ganina wannan sakaci ne babba, mutumin da ya sayi irin wannan abu saboda tsoron asara ai shi ne abu na farko da ya kamata a zaunar da shi a koya masa.

Ban tsaya nan ba, na ɗauki fayil ɗin a filash na kai gida Unguwan Rimi na ce bari in gwada dawo da shi a wata kwamfuta kamar dai shagon babu shi. Ya ƙi buɗuwa. Wai sigar manhajar da ke gida ba ɗaya ba ce da ta shago. Kwana uku ina kiran masu kula da kwastoma kafin aka warware, kuma ku tuna wannan gwaji ne kawai, da a ce gaske ne kasuwa na ci kwastoma na tsaye ana neman sanin nawa ake bin wane, kwana ukun nan da mun ji jiki. Tun daga nan duk farkon wata nake gwada dawo da bakof, in buɗe in duba jimillar bashi da kayan sito su yi daidai da na shago, sannan in yarda akwai shi.

Tsarin da nake bi shi ne wanda masana kwamfuta ke kira 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma nesa da shago. Namu ɗaya a kwamfutar, ɗaya a rumbun waje da nake tafiya da shi gida, ɗaya a Google Drive, ma'ajiyar intanet. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba sai an yi masa dogon bayanin amfanin na nesan ba. Kuma rumbun wajen ba na barinsa a maƙale, ina gamawa nake cirewa, saboda akwai bairos ɗin da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, irin WannaCry na 2017 da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, duk abin da ya tarar a jone da kwamfuta tare yake kullewa. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ma ta ce kamfani ya adana bayanan lissafinsa shekara shida, toh ka ga ba maganar filash ɗaya a aljihu ba ce. Mun kuma sayi UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, wuta ta koya mana.

Ɓangaren tsaro yana da kyau in za a yi amfani da shi. Kowa na iya samun sunansa da kalmar sirrinsa da iyakar abin da zai taɓa, mai sayarwa ya buga rasit amma ba zai goge ko ya canza farashi ba, na sito ya ga kaya ba zai ga riba ba, kuma duk gyaran da aka yi tana rubuta wa ya yi, yaushe, me ke nan da, me ya koma. Wata in ya ƙare ina kulle shi, babu mai komawa baya ya taɓa. Matsalar daga wajenmu ta fito, wata biyun farko mu biyar kalmar sirri ɗaya muke amfani da ita, a rubuce ma take jikin bango, don haka da aka samu rasit ɗin da aka rage wa kuɗi bayan kwastoma ya biya, tarihin ya nuna lokaci amma sunan na kowa ne. Da na ce a raba, Kawu bai so ba, ya ce "Yaran nan 'ya'yan 'yan uwa ne, kada su ga kamar ana zarginsu." Na ce "Kawu, Allah Ya ƙara girma, ai kariya ce gare su, yanzu in abu ya ɓace su huɗun duka ake kallo, in an raba mai gaskiya ya huta." Na tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ya yi shiru can ya ce in yi yadda na gani. Yaran ma daga baya sun fi son hakan.

Abu biyu har yanzu ba su min ba. Fayil ɗin bakof babu makulli a kansa, duk wanda ya same shi kuma yana da manhajar zai ga sunayen kwastomominmu da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su, amana ce wannan, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Yanzu da kaina nake kulle shi da wata manhaja mai suna 7-Zip kafin in ɗora a intanet. Na biyu, ma'aikacinsu ya taɓa cewa in turo masa fayil ɗin ta WhatsApp haɗe da kalmar sirrin babban mai kula don ya duba matsala, na ce a'a, ya zo shago ko ya shiga ta nesa ina zaune ina kallo, yana gamawa na canza kalmar.

In maki ne zan ba ta bakwai cikin goma. Mai ƙaramin kanti shi kaɗai littafi da waya sun ishe shi, amma mai sito da yara da bashi a waje zan ce ya saya, sharaɗin kafin ya biya ya sa su dawo da bakof a wata kwamfutar a gabansa. Mu dai wata mai zuwa kuɗin shekararmu ke ƙarewa, na rubuta musu ina tambaya in mun daina biya za mu iya fitar da duk bayananmu zuwa Excel ko kuwa kullewa za a yi, amsar da suka bayar ita za ta sa mu sabunta ko mu nemi wata.