Ƙyallen talla ko takardar rabawa: wanne za a fara bugawa?

Wani ɗan'uwa ya ce ya buɗe wurin gyaran waya a bakin titi, kuɗin da ya ware wa talla kuma ba zai ɗauki abu biyu ba. Tambayarsa ita ce: ya buga ƙyallen talla, wanda ake kira bana, ya rataya a gaban shago, ko ya buga takardun talla, wato filaya, a raba wa jama'a?

Malam, fara da ƙyallen. Amma kada mai wata sana'ar ya ɗauki wannan amsa ya wuce da ita, domin zaman shagonka a bakin hanya ne ya sa muka ce haka. Da a lungu yake, ko kuwa a gida kake aikin kana kai wa mutane, da takarda za mu ce. Abu uku ne ke raba gardama: nisan mai karatu da rubutun, daƙiƙa nawa gare shi, da kuma ko saƙon zai canza nan da wata biyu.

Ƙyalle da mai wucewa yake magana, takarda kuma da wanda ya tsaya ya miƙo hannu. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cinye kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Wanda ya hango ƙyallenka daga mita 30, kafin daƙiƙa uku ya riga ya wuce ƙofarka. Abin da zai iya ɗauka a wannan ɗan lokaci shi ne kalma biyar ko shida: me ake yi a nan, sai lambar waya. Masu rubuta alluna suna da ma'aunin da suke bi: tsayin harafi santimita 2.5 ga kowace mita 3 ta nisa. Ke nan mai karatu daga mita 30 yana buƙatar harafi mai tsayin santimita 25. A ƙyalle mai faɗin mita 3, haruffa irin waɗannan da wuya su wuce 16 zuwa 18 a layi ɗaya. Ka ga ke nan "GYARAN WAYA" ya cinye fiye da rabin layin farko. Shi ya kamata ya fi komai girma, har ya fi sunan shagon, domin sunanka ba ya gaya wa baƙo abin da kake yi.

Nan ne yawancin mutane ke ɓata kuɗinsu. Ganin fili a jikin ƙyalle sai ya sa a cusa masa jerin ayyuka goma, hotuna huɗu, lambobin waya uku da adireshin kowane shafin sada zumunta. A fuskar kwamfuta abin yana da kyau, amma daga tsallaken titi ya zama dagwalo. Lamba ɗaya ta isa. Launi ma ya zama mai rabewa sarai: baƙi a kan rawaya, ko fari a kan shuɗi mai duhu. Ja a kan shuɗi yana sa ido rawa, rawaya a kan fari kuwa ɓacewa yake yi da rana ta haska.

Takarda akasin haka take. Ana karanta ta daga tsawon hannu, mai ita yana iya juya ta, ya naɗe ya sa aljihu. Duk bayanin da muka hana ka sa wa ƙyalle, a nan ne gidansa: irin gyaran da kake yi, tsawon lokacin da aiki ke ɗauka, garanti na wata nawa, kwatancen wuri. Girman A5, milimita 148 da 210, shi ne rabin takardar ofis ta A4, kuma ya wadatar. A6, milimita 105 da 148, ta fi shiga aljihu, sai dai ba ta ɗaukar magana da yawa. Girman rubutun ciki kada ya gaza lamba 10 a ma'aunin harafi na kwamfuta. Abin da ke hana a yar da takarda shi ne ta ba mai riƙe da ita dalilin ajiyewa, misali ragi ga duk wanda ya zo da ita kafin wata rana da ka rubuta. Wadda ba ta ce a yi komai ba, a ƙasa za ka tsince ta taku goma daga inda aka raba.

Wajen kuɗi ma halinsu ba ɗaya ba ne. Ƙyalle sau ɗaya ake biya, ana lissafa shi da faɗi da tsayi, sannan ya yi ta aiki kullum ba tare da ka ɗauki kowa ba. Takarda kuwa bugun ne rabin ɗawainiya, rabon ne sauran rabin, kuma da ta ƙare sai an sake. Akwai hanya biyu ta buga ta. Injin dijital ba ya buƙatar shiri, don haka shi ya dace da 100 ko 200. Babban injin madaba'a sai an fara yi masa farantai huɗu, ɗaya ga kowace tawada, kuma kuɗin farantan ɗaya ne ko 200 za ka buga ko 5,000. Shi ya sa farashin kowace takarda ke faɗuwa sosai idan adadin ya hau, kuma shi ne tarkon: mutum ya ga araha ya buga dubu biyar, ya raba ɗari uku, farashinsa ya canza, sauran su zama na naɗe kaya. Duk abin da zai iya canzawa, kamar farashi ko garaɓasa, ka sa shi a takarda kaɗan. A ƙyalle kada ka sa shi sam.

Kauri shi ne abin da hannu ke fara ji kafin ido ya karanta. Da giram a kowace murabba'in mita ake auna shi. Takardar ofis giram 80 ce, kuma idan aka buga launi gaba da baya a kanta, hoton bayan yana leƙowa. Giram 130 zuwa 170 ya dace da ta rabawa. Mai sheƙi tana fito da hoto, amma biro ba ya kama ta da kyau. In za a rubuta wani abu a jiki, ɗauki marar sheƙi. Shi kuwa ƙyallen waje, ledar roba ce mai kauri, giram 440 zuwa 510. Abin da ke kashe shi iska ce kafin rana. Ka ce a kalmashe gefensa duka huɗu, a sa zoben ƙarfe a kusan kowane rabin mita, kuma a ɗaure kowane zobe. Wanda aka ɗaure da kusurwa huɗu kawai yana cika da iska kamar buhu, zoben kusurwa ya tsinke, yagewar ta bi ciki. Inda iska ta yi yawa, akwai mai ƙananan huji da iska ke ratsawa, sai dai launinsa bai kai na rufaffen ƙarfi ba. Rana kuma ja da rawaya take fara cinyewa, saboda haka kada lambar wayarka ta zama da ja. Ka kuma bincika ko hukumar yankinka na neman izini kafin a kafa talla a bakin titi.

Wata matsala ta haɗa su duka, ita ce fayil. Fuskar waya haske take haɗawa, tsarin RGB, madaba'a kuwa tawada take haɗawa, tsarin CMYK, shi ya sa shuɗi da kore masu walƙiya ke fitowa a dushe. A tsara aikin a CMYK tun farko. Takarda tana son ɗigo 300 a kowane inci: hoto mai faɗin fiksel 1080, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, ba zai wuce santimita 9 ba kafin ya fara dusashewa. Ƙyalle, da yake daga nesa ake kallo, 100 zuwa 150 ya ishe shi. Kada ka tura wa madaba'a aikin a matsayin hoto ta WhatsApp, matse shi yake yi; tura PDF a matsayin fayil. A bar launi da hoto su zarce layin yanka da milimita 3 a kowane gefen takarda saboda wuƙar yanka ba ta faɗa daidai kullum, rubutu kuma ya ja baya da milimita 5 daga baki. Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada zalla, domin baƙin da aka haɗa da launi huɗu yana yin inuwa idan farantai suka ɗan goce. In da Hausa za ka rubuta, duba ƙ, ɗ da ɓ da idonka. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai akwati ya fito a madadinsu.

Lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da kyamarar waya, ta fi amfani a takarda, kuma kada ta gaza santimita 2 kowane gefe, da farin fili kewaye da ita. A ƙyalle, faɗinta sai ya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan mai ɗauka: santimita 20 ga wanda ke tsaye a mita 2. Mai wucewa a mota ba zai ɗauke ta ba, don haka kada ka ba ta filin lambar waya.

Idan ƙyallen ya hau, ajiye littafi ka riƙa tambayar kowane sabon mai kawo gyara inda ya ji labarinka, na tsawon wata guda. Da kuɗi ya shigo, buga takarda 200 kawai, ka sa mata wata alama da za a zo da ita, ka raba a inda masu waya ke zaman jira, ba inda suke sauri ba. Adadin da ya dawo hannunka shi zai gaya maka ko a ƙara bugu. Kafin kowane bugu kuma, nemi samfurin gwaji guda ɗaya, ka ba wani ya kira lambar da ke jiki a gabanka.