College Football 26: masu cafkewa sun yi yawa, ƙwallo kuma ɗaya ce

Kamfanin EA Sports ya fitar da College Football 26, wasan bidiyo na ƙwallon Amurka ta jami'o'i, a ranar 10 ga Yulin 2025, a kan PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai, kuɗinsa dala 70 a lokacin. Hoton da ke bangonsa ma ya isa ya nuna inda hankalin masu haɗa wasan yake: matasa biyu ne, Jeremiah Smith na jami'ar Ohio State da Ryan Williams na Alabama, kuma dukkansu aikinsu ɗaya a fili, su ruga a guje su cafke ƙwallon da aka jefo. A Columbus nake zaune, garin da ranar Asabar ta kaka kowa ke sanya jan kaya saboda Ohio State, don haka da wannan ƙungiya na buɗe wasan, kuma a kan masu cafkewar nan ne na fi ɓata lokaci. A nan wasan ya fi burge ni, a nan kuma na ga iyakarsa.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, lissafin mai sauƙi ne. Mutum goma sha ɗaya ke shiga fili. Biyar ƙarti ne masu tare hanya, ɗaya shi ne mai jifa, saura biyar su ne doka ta yarda su karɓi jifa. A yawancin tsari, cikin biyar ɗin nan akwai mai gudu da ƙwallo guda, akwai wani babba da ke tsayawa gefen ƙartin, sai gurbi uku ya rage wa masu cafkewa. Babbar jami'a kuwa takan tara su goma ko fiye, kowanne shi ne zakara a makarantar sakandaren da ya fito, kowanne an je har gidan iyayensa an roƙe shi ya zo. Malmala ɗaya ce a gaban mayunwata goma. Duk wani kocin jami'a da wannan matsala yake kwana, kuma ɓangaren wasan da ake kira Dynasty, inda kai ne koci na tsawon shekaru har 30, ya ɗora maka ita a ka ba tare da sassauci ba.

Yadda abin ke aiki: kowane ɗan wasa yana da abubuwan da yake dubawa a makaranta, guda 14 ne, irin su kusanci da gida, darajar karatu, sunan koci, damar zuwa NFL (babbar gasar ƙwararru ta Amurka), da kuma lokacin da zai samu a fili. Cikinsu akwai ɗaya da ba ya yin sulhu a kansa. Idan makin makarantarka a wannan abu ya faɗi ƙasa da abin da yake so, a ƙarshen kaka za ka ga sunansa cikin masu shirin tafiya. Sabon abu a wannan fitowar shi ne buƙatar tana girma tare da ɗan wasan. Yaron da ya yarda ya zauna a benci a shekararsa ta farko, in ya ƙware a ta biyu, ba zai ƙara yarda ba. Wannan gyara ɗaya ya canja mini yadda nake ɗibar sababbi gaba ɗaya. A da, da na ga mai tauraro biyar, wato matakin ƙoli a ma'aunin 'yan sakandare, sai in kwaso shi. Yanzu sai na tsaya na duba wa ke gabansa, shekara nawa ta rage wa na gaban, kuma wa zan rasa in na kawo shi.

Na sha wannan da wani yaro da kwamfuta ta ƙirƙiro, dogo, mai gudun tsiya, wanda na ɗauko daga Florida. Na ajiye shi shekara guda bai buga ba don kada shekarar ta ƙirgu a kansa, abin da doka ta yarda muddin bai wuce wasa huɗu ba. Shekara ta biyu ya zama na huɗu a jeri. Ƙarshen kaka ya nemi tafiya, na yi amfani da damar lallashi da wasan ke bayarwa, bai saurare ni ba. Kaka mai zuwa na haɗu da shi sanye da rigar wata makaranta a rukuninmu, ya wuce mai tsaron bayana sau biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ɓacin ran nan shi ne ya tabbatar mini wasan ya kama gaskiyar lamarin, domin mutanen garin nan sun taɓa ɗanɗana irinsa a zahiri.

Ina nufin Jameson Williams. Shekara biyu ya yi a Ohio State, 2019 da 2020, ya cafke ƙwallo 15 kacal, saboda Chris Olave da Garrett Wilson sun tsare gaba, ga Jaxon Smith-Njigba yana tasowa a baya. A 2021 ya koma Alabama, ya cafke 79, yadi 1,572, ya kai ƙwallo ƙarshen fili, wato ya ci maki, sau 15. Da aka zo zaɓen 'yan wasa na NFL a 2022, Wilson ya tafi na 10, Olave na 11, Williams na 12, a jere. Mutum uku da suka zauna ɗaki ɗaya suna kallon bidiyon atisaye ɗaya, ɗayansu sai da ya bar gida kafin duniya ta san abin da ke ƙafarsa. Babu wanda ya zalunce shi, gurbi ne babu. Tun da hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta buɗe ƙofar sauya makaranta a 2018, sannan a 2021 ta janye sharaɗin zaman shekara guda ga mai sauyin farko, irin wannan labari ya zama ruwan dare, kuma wasan ya bi sahu: dubban 'yan wasa na iya shiga kasuwar a kaka ɗaya, har an ba ka damar rage yawan ko ƙara shi yadda kake so.

Kayan aikin da aka ba koci a wannan karon sun fi na College Football 25 nesa ba kusa ba. Na fi jin daɗin damar sanya mutum a tsari guda kawai. Misali, ina da wani gajere mai saurin juyawa wanda ba zai iya kokawa da manyan masu tsaro a gefen fili ba, amma in ya tsaya a ciki, kusa da ƙartin, ba a riƙe shi. Sai na sa shi a tsarin masu cafkewa huɗu da na biyar, na bar manyan a tsarin mutum biyu. Haka na huɗu da na biyar suke samun rabonsu ba tare da na taɓa na ɗaya ba. Akwai kuma canji cikin gaggawa ana tsakiyar wasa, da ɗan danna maɓalli ka ga wanda ya gaji ka fitar da shi, ba sai ka tsayar da komai ka shiga jerin sunaye ba. Tsarin gajiya da tsamin jiki ya ba wannan ma'ana. Idan ka dinga jefa wa mutum ɗaya a tsakiyar fili ana bugunsa, za ka ga haƙarƙarinsa ko ƙafarsa sun yi ja a allo, gudunsa ya ragu, hannunsa ya fara sakin ƙwallo, kuma tsamin yana bin sa zuwa mako na gaba. Dole ka juya su. Da Smith a hannunka, wanda aka ba maki 98, mafi girma a wasan lokacin fitowarsa, jarabar jefa masa kowace ƙwallo tana da ƙarfi, sai wasan ya sa ka biya kuɗin wannan kwaɗayi a watan Nuwamba.

Inda nake ganin wasan bai kai ba shi ne ma'aunin da yake auna ɗan wasa da shi. Lamba ce: wane ya fi wane maki, shi ke gaba. A fili na gaskiya ba haka yaro ke samun gurbi ba, musamman a nan. Brian Hartline, wanda ya karɓi horar da masu cafkewa na Ohio State a 2018, ya ba tare wa abokin wasa hanya muhimmanci. Yara kan fara ne daga aikin da ba a tafa wa, rukunin da ke shiga lokacin bugun ƙwallo da ƙafa. Terry McLaurin da wannan aikin ya gina sunansa kafin Washington ta ɗauke shi a zagaye na uku a 2019. Olave kansa, wanda ya zo da tauraro uku kawai, ranar da garin nan ya san shi ita ce karawa da Michigan a 2018, yana shekarar farko: ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau biyu, ya kuma tare bugun da abokan hamayya suka yi, aka tashi 62 da 39. A cikin wasan kwamfutar, in yaro ya yi irin wannan wahala ba na jin wani abu ya motsa tsakanina da shi. Ba ya zuwa ofishina ya tambayi matsayinsa, ba ni da hanyar ce masa ya jira, na gabansa zai tafi NFL a Janairu, gurbin nasa ne.

Wannan alkawarin kuwa shi ne rabin labarin. Williams ya tafi ya ci riba, amma Marvin Harrison Jr. ya zauna ya ci tasa. A kakar 2021 ƙwallo biyar kawai ya cafke kafin wasan Rose Bowl, wani babban wasa na ƙarshen kaka. Da Olave da Wilson suka janye daga wasan don shirin NFL, ranar 1 ga Janairun 2022, ƙofa ta buɗe: Harrison ya kai ƙarshen fili sau uku, Smith-Njigba ya tara yadi 347, suka doke Utah 48 da 45. Bayan shekara biyu Arizona ta ɗauki Harrison na 4. Emeka Egbuka ma ya yi shekara huɗu ana kiran wani a gabansa kullum, har da Jeremiah Smith da ya zo a 2024 ya tara yadi 1,315 a shekarar farko ya kuma cafke jifan yadi 56 da ya rufe wasan ƙarshe da Notre Dame. Egbuka bai motsa ba, ya ɗaga kofin ƙasa, Tampa Bay ta ɗauke shi na 19. Irin wannan haƙuri, da amanar da ke tsakanin yaro da kocinsa, ina fata a samu hanyar saka su a fitowa ta gaba, domin in babu su mai wasa zai ɗauka duk wanda ke benci jiran ƙofa kawai yake.

Ɓangaren Road to Glory ya juya maka kujerar: kai ne yaron. Kana farawa daga sakandare, ka zaɓi makaranta, kuma in ka zaɓi babba kana mai cafkewa za ka tarar da layi a gabanka. Kana tara amincewar koci a atisaye, ka raba ƙarfinka tsakanin karatu da horo da hutu, har a ba ka damar ƙalubalantar na gabanka. Makonnin farko suna da ɗaci, wasa guda ya wuce ka shiga 'yan lokuta kaɗan, wani sa'in ka buɗe sarai mai jifa bai dube ka ba. Na ji daɗin cewa ba a sauƙaƙa wannan ba. Sai dai gasar neman gurbin gajera ce, ɗan gwaji ne ka ci ko ka faɗi, alhali a gaske tana ɗaukar atisayen bazara da na watan Agusta baki ɗaya.

Sauran abubuwa a gurguje. Makarantu 136 ne, an saka kociyoyi na gaske irin su Ryan Day na Ohio State, kuma filin Ohio Stadium mai cin mutum sama da dubu 100 ya fito da ƙararsa da makaɗansa yadda na san shi. 'Yan wasan suna da sunayensu na gaske, an kuma biya su, abin da rashinsa ya tsayar da wannan jerin wasanni daga 2013 har zuwa 2024. Komai da Turanci ne, kuma an gina shi ne a kan cewa ka riga ka san dokoki, don haka sabon shiga zai buƙaci wani a gefensa na 'yan kwanaki. Masu PlayStation 4 da masu kwamfutar tebur ba su da rabo.

Wanda yake son ya danna maɓalli ya ga dogon jifa kawai, College Football 25 ma ya ishe shi, in ya same shi da araha. Wanda kuwa yake son aikin koci, ya zauna da jerin sunaye yana tunanin wa zai sa wa zai bari, wannan ya cancanci kuɗinsa. Shawarata ya fara da makarantar da masu cafkewarta suka yi cunkoso, ya bar ƙofar sauya makaranta yadda aka saita ta, kada ya rage. In Ohio State ya ɗauka, ya san cewa dokar NFL ba ta karɓar yaro sai ya yi shekara uku da gama sakandare, saboda haka Smith yana nan har ƙarshen kakar 2026, kuma duk wanda ya ɗauko a wannan tsakani gurbi biyu kawai zai tarar ana kokawa a kai.