Rana ɗaya gare ka a Bankok, wace fadar za ka shiga?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Bankok ko dai saro kaya ne ya kai su kasuwar Pratunam ko jinya, kuma da an samu rana ɗaya ta sarari sai kowa ya ce a kai shi Grand Palace, babbar fadar sarakunan ƙasar, tunda ita ake gani a hoto. Ni ma haka na yi lokacin da na raka yayana asibiti. Sai a zuwa na biyu na gane fadojin sarakunan Tailan da ake shiga da tikiti suna da yawa, kuma ba duka ne suka dace da kowa ba, to ga yadda na gan su.

Grand Palace dai ba a magana wajen kyau. An fara gina ta a 1782 lokacin da Sarki Rama na ɗaya ya mayar da Bankok babban birni, ko'ina ruwan zinare da gilasai masu launi sai ɗaukar ido suke. Baƙo na biyan baht 500 (baht shi ne kuɗin ƙasar), kuma tikitin ya haɗa da gidan adana tufafi na Sarauniya Sirikit da ke cikin harabar, wanda 'yan uwa mata masu harkar yadi da ɗinki za su ji daɗinsa sosai. Akwai ginin Chakri Maha Prasat na 1882, jikinsa irin na Turai rufinsa irin na Tailan. Amma gaskiya yawancin gine-ginen daga waje kawai za ka gan su, ga cunkoso ga rana ga tsayuwa, in kana tare da dattijo ko wanda bai daɗe da fitowa daga asibiti ba zai wahala. Ba sa barin gajeren wando ko riga mara hannu, mu wannan bai dame mu ba, kaftani da abaya sun wadatar. Kuma in wani mai tuk-tuk, wato keke-napep ɗinsu, ya tare ka a hanya ya ce yau an rufe fada, kar ka kula shi, shagon duwatsun ado yake son kai ka, ka ƙarasa ƙofa ka gani da idonka.

Ni inda nake tura mutane shi ne babban gidan tarihi na ƙasa, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga Grand Palace ta gefen filin Sanam Luang. Shi ma asalinsa fada ce, sunanta Wang Na, an gina ta a 1782 saboda ƙanin Rama na ɗaya wanda yake matsayin mataimakin sarki, da aka soke wannan sarautar a zamanin Rama na biyar sai aka kwaso kayan tarihi aka kawo nan a 1887. Wanda ya san Gidan Makama a Kano zai gane abin da nake nufi, gidan sarauta ne ya koma ma'ajiyar tarihi, kana kallon kaya kana kuma kallon ginin da ke ɗauke da su. Kuɗin shiga bai kai rabin na Grand Palace ba, mutane kaɗan ne, kuma a nan kana shiga cikin ɗakunan ne ba leƙe ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zauren kekunan jana'izar sarakuna. Babban cikinsu an yi shi a 1795, katako ne aka sassaƙa aka shafe da ruwan zinare, tsayinsa ya haura mita 11 nauyinsa ya fi tan 13, kuma ba ajiya kawai aka yi ba, har 2017 an fito da shi a jana'izar Sarki Bhumibol sojoji fiye da 200 suna jansa da igiya, wallahi in ka tsaya a gindinsa sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga ƙololuwar. Akwai kuma dutsen Sarki Ramkhamhaeng mai rubutun 1292 wanda suke ɗauka a matsayin rubutun Tai mafi daɗewa, sai Jan Gida na katakon tik wanda yayar Rama na ɗaya ta zauna a ciki, da gadonta da kayan ɗakin zamanin. Sai makamai, sirdunan giwa, kayan kiɗa, fuskokin wasan rawar gargajiyarsu da ake kira khon. Akwai gumakan Buddha da yawa, kuma ɗakin ibada na Buddhaisawan har yanzu mutane na ibada a ciki ana cire takalmi, wanda ransa bai kwanta ba zai iya wuce shi ba abin da zai rage masa. Abu ɗaya dai, a rufe yake Litinin da Talata, kar ka ɓata kuɗin tasi. In azahar ta riske ka akwai masallacin Chakraphong a unguwar Banglamphu ba nisa, da abincin halal a kewaye.

In kuma awa ɗaya ko biyu kawai gare ka, je Suan Pakkad kusa da tashar jirgin ƙasa ta Phaya Thai. Gidan Yarima Chumbhot ne da matarsa, suka buɗe wa jama'a a 1952, gidajen katako takwas cikin lambu, da tukwane masu shekaru dubbai da aka haƙo a ƙauyen Ban Chiang da wani ɗaki da aka zane bangonsa da zinare kan baƙin fenti. Shiru, inuwa, ya dace da mai jinya.

Garin Lopburi na mai kwana biyu ne, wajen kilomita 150 arewa da Bankok, jirgin ƙasa na zuwa. Fadar da ke can ta Sarki Narai ce ta 1666, sarkin da ya karɓi jakadun Faransa a 1685, rabinta kango rabinta gidan tarihi, kuma tagogi da ƙofofin masu tsini a sama za su tuna maka da ginin Farisa. Garin ya yi suna da birai, ka riƙe wayarka da ledar abincinka da kyau.

Vimanmek kuwa, katafaren gidan katakon tik na Rama na biyar da tsofaffin shafukan yawon buɗe ido ke ta yabo, an rufe shi tun 2016, kar ka sa shi a lissafi sai ka tabbatar an sake buɗewa.

In ka nace sai ka haɗa biyu a rana ɗaya, ka zaɓi tsakanin Laraba da Lahadi, ka kasance a ƙofar Grand Palace ƙarfe 8:30 na safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, ka fito kafin rana ta take, sannan ka taka zuwa Wang Na ka ba shi aƙalla awa uku don ƙarfe 4 suke tashi.