Baƙin Mai Na Sintetik: 5W-30 Ko 5W-40 A Zafin Gusau?

Duk wanda ya je sayen baƙin mai a Gusau cikin watan Afrilu, magana ɗaya zai ji: "Alhaji, zafin nan sai mai kauri." Nan take a miƙo masa galan ɗin 20W-50. Ga tsohuwar Peugeot 504 babu laifi. Ga Corolla ko Camry masu VVT-i kuwa, wato na'urar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, wannan shawarar a hankali take cin inji.

Cikin baƙin mai na sintetik, wato wanda aka sarrafa ta hanyar haɗa sinadarai, biyu aka fi tambaya a kansu: Mobil 1 5W-30 da Total Quartz 9000 5W-40. Lambar da ke manne da W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne idan zafi ya kai digiri 100. Inji mai lafiya tsakanin 90 da 100 yake aiki, ko ana kwallar rana ko ana hunturu, muddin radiyeta da fanka na nan ƙalau. Saboda haka abin bi shi ne rubutun da ke kan murfin zuba mai ko cikin littafin mota.

Corolla ta 2003 zuwa 2008 5W-30 take so, kusan lita 4 har da filta. Na'urar VVT-i da matsin mai take aiki ta wasu 'yan siraran hanyoyi. Mai kauri kan makara kafin ya isa can da safe, shi ne ƙarar kaf-kaf ɗin da ake ji an tayar da mota, ga ƙarin shan fetur. A nan Mobil 1 ya cancanci kuɗinsa: yana hawa sama da wuri, kuma ba ya saurin ƙonewa ya bar daskararren datti a ƙarƙashin murfin inji.

Quartz 9000 ya fi dacewa da motocin Turai irin su Peugeot 406 da Mercedes, da kuma injin da ya sha tafiya ya fara rage mai kaɗan-kaɗan, musamman mai zirga-zirgar Gusau zuwa Sakkwato da lodi. Amma idan shuɗin hayaƙi ke fita ta salansa, ringi ne ya mutu, aikin bakanike ne. Haka tsohon injin da ya tara datti, sintetik kan wanke shi har yoyon da ya ɓoye ya bayyana.

Aibin mayukan nan biyu tsada, sai jabu. A duba zoben murfi bai karye ba, a duba alamar API mai nuna matakin ingancin mai, SN ko SP, a saya a gidan mai ko wurin dila sananne.

A takarda man kan kai kilomita 10,000, amma da ƙurar hanyoyinmu gara a yi juye wajen 7,000. A bar inji ya ɗan yi ɗumi kafin a kwance, a sauya filta kowane juye, a shafa mai a robarta, a ɗaure da hannu. Bayan an zuba, a tayar, a kashe, a jira minti 5, sannan a zaro geji. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun. Idan ya haura ta sama kumfa zai yi, ya turo ta sil.