Wane irin koci ya dace da kulob ɗin Zango?

Da zarar kakar wasa ta ƙare, wayata ba ta hutawa. Masu ƙananan kulob-kulob na Aboabo da Asawase da Sawaba da Tafo, tambayarsu ɗaya ce: wane irin koci za mu ɗauka? Suna tambayata ne saboda na daɗe a kwamitin kulob ɗin unguwarmu da ke buga rukuni na biyu a nan Kumasi, kuma masu horarwa iri-iri sun bi ta hannunmu. Wani ya tafi ya bar mana alheri, wani ya bar mana bashi da jin kunya. Amsata ɗaya ce kullum: in kuna da halin riƙe shi, ku ɗauki mai tsauri. Amma ku ji sharuɗɗan tukuna, don kayan nan ba kowane kai ne ke iya ɗaukarsu ba.

Bari in fara sallamar sauran. Akwai tsohon ɗan wasa mai suna, wanda magoya baya ke so don sun taɓa yi masa tafi. Za a ce maka ai Ibrahim Sunday ma ɗan wasa ne, shi ne gwarzon Afirka a 1971, kuma shi ya ja Asante Kotoko ta doke Al Ahly ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1983. Haka ne, amma Sunday ya je ya koyi aikin horarwa, ba da tsohon sunansa kawai ya shiga fili ba. Wanda ba shi da komai sai labarin ƙwallon da ya ci shekara 20 da suka wuce, ku ba shi kujera a wurin manyan baƙi. Akwai kuma mai lallami, uban yara, wanda kowa ke so. Yana da amfani ga 'yan shekara 12, amma a wurin ƙartai wata uku ya isa atisaye ya koma majalisar shan ataya. Shi kuwa baƙo daga ƙasar waje, kuɗin gidansa da motarsa kaɗai sun fi kasafin kulob ɗinku na shekara, a bar wa Kotoko da Hearts of Oak.

Mai tsauri shi ne nawa, kuma na san dalilina. Matsalar yaranmu na Zango ba rashin baiwa ba ce. Garin nan ne ya haifi Baba Yara, wanda babban filin wasanmu ke ɗauke da sunansa, unguwar Nima ta Accra kuma ta fitar da Mohammed Polo, ta fitar da Mohammed Kudus. Ƙafa muna da ita. Abin da ke kashe mu shi ne lokaci, da barci, da numfashi. Yaro zai raba dare a majalisa yana kallon Firimiyar Ingila, ya zo atisaye ido jajur, ranar wasa ya yi rawar gani minti 60, daga nan ya dafa ƙugu yana haki. Ku tuna wasannin da kulob ɗinku ya zubar da maki a bara, ku ƙirga nawa ne aka zura muku ƙwallo a minti 20 na ƙarshe. Wannan ciwon ba ya jin lallami.

Wanda ya koya mini wannan wani dattijo ne da muka ɗauka shekarun baya, ba zan faɗi sunansa ba don ba ya son surutu. Ba ya ihu. Ana idar da sallar asuba za ka same shi a filin makarantar da muke aro, cikin hazon hunturu, da agogo a hannu da ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare. Duk wanda ya iso sai ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso. A mako na uku ɗan gabanmu, wanda unguwa duka ke alfahari da shi, ya sauko daga kan pragya, babur mai ƙafa uku na haya, minti 25 bayan an fara, silifas a ƙafa, takalmin ƙwallo rataye a wuya. Koci ya dubi agogo, ya rubuta, ya ce masa cikin sanyin murya: "Koma gida, ɗana. Lahadi ba ka cikin waɗanda za su buga." Kafin azahar magana ta kai kunnen shugaban kulob. Ina zaune a shagonsa ya kira shi.

"Haba Koci, yaron nan fa shi ke ci mana ƙwallo. A yi masa afuwa ko don ni."

"Alhaji, girmanka ya wuce haka a wurina. Amma yara 24 sun zo a kan lokaci, har da wanda ya tako da ƙafa daga Sawaba. Me zan gaya musu?"

Alhaji ya yi shiru, can ya ce a yi yadda Koci ya ce. Ranar Lahadi aka ci mu ɗaya da nema, magoya baya suka bi mu da baƙar magana har bakin mota. Ranar Talata ɗan gaban nan shi ya fara isa fili. A zagaye na biyu na gasar mu ne muke cin mutane a ƙarshen wasa.

Shirun nan da Alhaji ya yi shi ne sharaɗi na farko. Mai tsauri ba ya aiki a kulob ɗin da shugaba ke aiko da jerin 'yan wasa ta WhatsApp, ko ɗan wasa ke zagayewa ta bayan koci ya kai ƙara wurin mai kuɗi. Ranar da kuka karya hukuncinsa sau ɗaya a gaban yara, kun gama da shi. In kun san ba za ku iya jure rashin nasara biyu da zagin magoya baya ba, kada ku wahalar da bawan Allah.

Sharaɗi na biyu kuɗi ne. Ba za ka sa yaro gudu da asuba ba alhali yana bin ka alawus na wata uku. Yawancin 'yan wasanmu yaran kanikawa ne a Suame Magazine, ko masu ɗinki, ko masu taya iyayensu tsaron shago a Kejetia. Wanda ya bar aikin ubangidansa ya zo atisaye, akwai haƙƙinsa na kuɗin mota, da koko da ƙosai bayan an tashi, da ladan cin wasa a ranar da aka yi alkawari. Tsauri a kan yunwa zalunci ne, kuma yara za su watse.

Na uku, ya zama ya san mutanen da yake horarwa. Dattijon namu da azumi yakan rage nauyin atisaye ya mayar da shi bayan la'asar, ko ya jira a idar da asham. Tsauri ba a kowane gida yake karɓuwa ba. Kocin Jamus Felix Magath ya ɗauki kofin Jamus da Wolfsburg a 2009 da horo mai tsanani, amma da ya kai salon nan Fulham a 2014 kulob ɗin ya faɗo daga Firimiya, kafin shekarar ta ƙare aka sallame shi. Haka ma kocin Italiya Antonio Conte ya ci gasar Italiya da Inter a 2021, ya rabu da Tottenham baram-baram a Maris ɗin 2023, ya koma ya ci gasar da Napoli a 2025. Kowannensu mutum ɗaya ne, hali ɗaya, gidan da ya sauka ne ya bambanta. A nan gida ma Ernst Middendorp ya zo Kotoko a 1999 da tsaurinsa na Bajamushe, ya ci kofin FA a 2001, amma bai taɓa kofin gasa ba, don lokacin ne Hearts ke ɗauke shi sau shida a jere daga 1997 zuwa 2002. Saboda haka kada wani ya yi muku alkawarin kofi a shekarar farko don kawai yana da zafi.

To yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne, don a nan wuta ta ƙone mu. Kasuwar nan cike take da jabu, kuma jabun mai tsauri ya fi kowane jabu kama da na gaske. Zai zo da usur biyu a wuya, da rigar wani babban kulob na Turai, da allon zane. Yana zagin yara har da iyayensu, yana sa su tsallen kwaɗo a tsakar rana. Mutane su taru a bakin fili suna cewa wannan karon an samu namiji. Ku zuba masa ido mako biyu. Na gaske dokarsa ɗaya ce a kan kowa, kuma shi ke fara bin ta. Na jabu zafinsa a kan ɗan talaka yake ƙarewa, ɗan mai kuɗi kuwa ko bai zo atisaye ba zai sa riga ranar Lahadi. Na gaske in an ci shi zai ce laifina ne. Na jabu kullum alƙalin wasa ne, ko an yi musu asiri, a kawo kuɗin malam.

Irin wannan muka ɗauka bayan dattijon ya koma garinsu saboda rashin lafiya. Ya nuna mana hoton lasisi a waya, da hotunansa da wasu Turawa a bakin wani fili, muka yarda. Wata huɗu da zuwansa ya fara bin iyayen yara gida-gida ba da saninmu ba, wai ya samo wa 'ya'yansu gwaji a Turkiyya, a kawo kuɗin biza da tikiti, a turo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, zuwa lambarsa. Wata baiwar Allah mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi ta kwashe adashinta, ta ƙara da rance. Ya karɓi fasfo ɗin yara uku. Wata safiya muka je fili ba koci, waya a kashe, mai gidan da yake haya ma yana nemansa. Ba zan manta ranar da matar nan ta same ni a ƙofar masallaci ba. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi: "Yaya, ai don na gan shi tare da ku ne na yarda." Ɗanta, mai tsaron bayan da ya fi kowa natsuwa a kulob ɗin, bai sake taka fili ba.

Don haka kada ku karɓi hoton lasisi. Ku ce ya kawo takardar kanta, ta hukumar ƙwallon ƙafa ta Gana ce ko ta CAF, hukumar ƙwallon Afirka, matakin D ne ko C ko B ko A, sannan mutum biyu daga kwamiti su taka da ƙafarsu zuwa ofishin hukumar ƙwallo ta yankin Ashanti su tabbatar da sunansa. Ku tambaye shi kulob biyu na ƙarshe da ya yi wa aiki, amma kada ku kira lambar da ya ba ku. Ku nemo mai wanke riguna ko wani tsohon ɗan wasan kulob ɗin, su ne ke faɗin gaskiya. Duk kocin da ya fara zancen kai yara waje kafin ya tambaye ku ƙwallo nawa kuke da su a jaka, dillali ne. Dokar FIFA ma ta hana a sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, to wanda ya ce zai kai ɗan shekara 16 Turai a mako mai zuwa, ku tambaye shi ta wace ƙofa. Wanda ya ce a rage wa yaro shekaru a takarda, shi ma ku sallame shi a ranar, don a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 na'urar asibiti ake sa wa a duba ƙashin wuyan hannu, kuma yaron ne zai kwana da kunyar.

Sannan ku tara iyaye tun ranar farko, a gaban sabon kocin, ku faɗa da Hausa da Twi kowa ya ji: ba a ba koci ko sisin kwabo, ba a ba shi fasfo ko katin ɗan ƙasa na yaro, duk maganar tafiya ta kwamiti za ta bi. Ku rubuta wannan a kwantiragi, tare da ranar biyan albashinsa da alkawarin cewa ba mai sa masa baki a zaɓen 'yan wasa. Kafin a sa hannu, ku ba shi atisayen gwaji guda uku, ɗaya daga ciki da asuba, kuma wani daga cikinku ya riga shi zuwa fili ya ga ƙarfe nawa zai iso. Mu a bana abin da muka yi ke nan da mutum huɗu da suka nemi aikin. Biyu sun makara, ɗaya ya ƙi kawo takardarsa. Na huɗun mun same shi yana tsince duwatsu a gaban raga, kuma tambayar da ya fara yi wa Alhaji ita ce ko akwai yaron da ke bin kulob bashin alawus. Kuɗin matar nan kuwa kwamiti ne ke biyanta kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata, saura kashi ɗaya cikin uku.