Fat Boy ko Shadow a titunan Accra

In za ka sayi ɗaya daga cikin baburan nan biyu, kada ka biya sai ka hau. Harley-Davidson Fat Boy mai injin 1,868 cc nauyinsa ya haura kilo 300. A babban titin Tema kamar kana kan kujerar falo, amma shiga cunkoson unguwar Nima da rana ka ji zafin inji na gasa cinyarka. Honda Shadow 750 ruwa ke sanyaya shi, ya fi sauƙin juyawa, sai dai ƙarfinsa bai kai ba, gaskiya.

Ko wanne ka zaɓa, a tayar maka da shi inji na sanyi, ka saurari ƙara, ka leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Sannan ka haura tudun rage gudu a hankali. In cikinsa ya goga, ramukan damina za su ci kuɗinka.