Sharhi kan manhajar Nuru: ganye ɗaya ba ya isa

Nuru manhaja ce ta wayar Android da ke amfani da kyamara da ƙirƙirarriyar basira wajen gane cutar shuka daga ganye. Shirin PlantVillage na Jami'ar Penn State a Amurka ne ya samar da ita, tare da haɗin gwiwar IITA (cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan) da FAO (hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya). Abin da ya fi burge ni shi ne, da zarar an sauke ta, tana duba ganye ko babu intanet.

A rogo ta fi ƙwarewa. Ana haska kyamara kan ganyen yana jikin shukarsa, sai akwati ya zagaye inda ta ga alama, ta faɗi ko cutar mozayik ce mai sa ganye dabbare-dabbare da nannaɗewa, ko ɓarnar ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye, ko lafiya lau. Wani bincike da aka wallafa a 2020 daga Gabashin Afirka ya nuna ta dace da kashi 65 cikin ɗari, malaman gona kuwa kashi 40 zuwa 58. Da aka duba ganye shida a kowace shuka, sai dacewar ta kai kashi 74 zuwa 88. Nan sirrin yake. Wanda ya haska ganye ɗaya ya tafi sayen magani, caca ya yi. A duba shida, wasu daga sama wasu daga ƙasa, domin mozayik ya fi fitowa a sabbin ganye.

Yawancin kuskuren daga ɗaukar hoton ne. Ranar tsaka tana sa ganye ƙyalli, kyamara ta ga fari inda babu shi. Ƙura ko raɓa a kan ganye, ko maiƙon yatsa a gilashin kyamara, duk suna ɓata sakamako. A yi aikin da hantsi bayan raɓa ta bushe, ko da la'asar, mutum ya tare rana da jikinsa, ganye ɗaya ya cika fuskar waya.

A masara tana gane ɓarnar tsutsar nan da ake kira fall armyworm, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016. Sai dai ramukan ganye na iya zama tsohuwar ɓarna, tsutsar ta daɗe da barin wurin. Kafin feshi a buɗe zuciyar masarar da hannu: in akwai ɗanyen kashi kamar garin katako, da tsutsa mai alamar Y a kife a kanta da ɗigo huɗu kusa da wutsiya, to tana nan. Tsarin FAO shi ne a ratsa gona a siffar W, a tsaya wuri 5, a duba shuka 10 a kowanne.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa kyamara ba ta ganinsa. Ruɓewar saiwa sai an tona. Kuma in ta ce mozayik ne a rogo, kada a ɓata kuɗi a feshi, ƙwayar cuta ce da farin ƙuda da itacen shuka mai cutar ke yaɗawa. A tuge masu cutar tun suna ƙanana, baɗi a nemi itace mai tsabta na iri mai juriya irin TME 419.